Yadda Ake Daidaita Hoto A Fuskar Kwamfuta Mai Aiki Da Linux

Wannan darasi an shirya shi ne domin hakimai da malaman ofis waɗanda ke da kwamfuta mai aiki da tsarin Linux, watau tsarin da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan cikin 1991. Sau da yawa akan kunna kwamfuta sai a ga fuskarta ta yi baƙi ƙirin, ko kuwa haruffa su fito ƙanana ainun har ba su karantuwa. Wanda bai san dalili ba sai ya zaci ta lalace, a yi asarar kuɗi wajen sayen wata, aikin ofis kuma ya tsaya, alhali kuwa gyaran bai wuce na rabin sa'a ba.

1. Ma'ajiyar Hoto

Hoton da ake gani a fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo ne aka jera layi-layi. Akwai wani yanki cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta inda ake rubuta launin kowane ɗigo, shi ne ake kira ma'ajiyar hoto. Na'urar zane takan karanta yankin nan tun daga farko har ƙarshe, galibi sau 60 cikin daƙiƙa ɗaya, ta aika wa fuska abin da ta samu. Cikin Linux ma'ajiya ta farko sunanta /dev/fb0.

Lissafin girmanta ba shi da wuya. Fuska mai ɗigo 1024 a kwance da 768 a tsaye tana da ɗigo 786,432. In kowane ɗigo ya ci bayit 2, ma'ajiyar za ta ci bayit 1,572,864. Fuska mai 1920 da 1080 kuwa, in ɗigo ya ci bayit 4, sai an ba ta bayit 8,294,400.

2. Na'urar Zane Ta Cikin Gida

Waɗansu kwamfutoci suna da katin zane dabam, mai ƙwaƙwalwar kansa. Amma yawancin na ofis na'urar zanensu a haɗe take da sauran kayan ciki. Kamfanin Intel ya fito da irin wannan mai suna i810 cikin 1999, sa'an nan daga 2010 ya sanya ta cikin injin lissafin kwamfuta shi kansa. Irin wannan na'ura ba ta da ƙwaƙwalwar kanta, daga ta kwamfuta ake yankar mata rabo.

3. Direbobi Iri Biyu

Direba shi ne tsarin da ke tsakanin Linux da na'ura, aikinsa kamar na tafinta ne. Sa'ad da aka kunna kwamfuta, tsarin farko da ke cikinta, ko BIOS ko UEFI, shi ke shirya fuska. Linux yakan riƙe abin da ya tarar ta hanyar wani ƙaramin direba: vesafb a tsofaffin kwamfutoci masu BIOS, efifb a masu UEFI, ko kuwa simpledrm wanda aka shigar cikin 2021. Waɗannan ba su iya sake girman hoto ba, riƙo kurum suke yi, kamar wakilin da ke tsare gari kafin hakimi ya iso.

Bayan 'yan daƙiƙoƙi sai babban direba ya karɓi aiki: i915 ga na'urorin Intel, amdgpu ko radeon ga na AMD. Tun daga 2009 direban i915 ke da ikon zaɓen girman hoto da kansa. Yakan tambayi fuska irin girman da take iya ɗauka, ita kuma ta ba shi amsa daga wani bayani da ke ajiye cikinta mai suna EDID. A daidai wannan karɓar aiki ne fuska kan ɗauke. In waya ta yi lahani ko fuskar ta tsufa, amsar ba ta isowa daidai, sai direba ya zaɓi girman da bai dace ba.

4. Bincike Kafin Gyara

Kada malami ya taɓa kome sai ya yi bincike uku, ya rubuta amsarsu cikin littafin ofis.

Na farko, ya buga umurnin lspci -k, ya nemi layin da ke da kalmar VGA. A nan zai ga sunan na'urar da direban da ke riƙe da ita.

Na biyu, ya buga cat /proc/fb. In ya ga i915drmfb, to, babban direban Intel ya karɓi aiki. In kuwa ya ga EFI VGA ko VESA VGA, har yanzu wakili ne ke riƙo.

Na uku, ya duba cikin /sys/class/drm. Kowace kafar da ake sa wayar fuska tana da suna a nan, kamar card0-VGA-1 ko card0-HDMI-A-1. Cikin kowace akwai fayil mai suna modes, mai jerin girman da fuskar ta ce tana iyawa.

In fuska baƙa ce ba a ganin kome, sai a fara da maganin da ke sashe na 6, sa'an nan a dawo ga binciken.

5. Gwaji Da Tabbatarwa

Sannu ba ta hana zuwa. Ana fara gwadawa ne ta hanyar da ba ta dawwama. Sa'ad da aka kunna kwamfuta, jerin zaɓi na GRUB yakan fito. In bai fito ba a riƙe Shift, ko a danna Esc. Sai a danna harafin e, a nemi layin da ya fara da kalmar linux, a ƙara wannan a ƙarshensa:

video=VGA-1:1024x768@60

Ma'anarsa, kafar VGA-1 ta yi aiki da ɗigo 1024 da 768, sau 60 cikin daƙiƙa. A lura, ba a rubuta card0 a nan. Sai a danna F10 kwamfuta ta tashi. In hoto bai yi kyau ba a kashe a kunna, kome zai koma yadda yake, gama wannan rubutu na tashi ɗaya ne.

In hoto ya yi daidai sai a tabbatar da shi. A fara ajiye kwafin fayil ɗin /etc/default/grub, sa'an nan a buɗe shi da izinin shugaban kwamfuta, a ƙara waccan magana cikin layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT, tsakanin alamun zance. A Debian da Ubuntu sai a buga update-grub. Wanda ya manta da wannan umurni na ƙarshe, gyaransa ba zai kama ba.

6. In Fuska Ta Ƙi Fitowa

A wurin da aka yi gwaji a rubuta kalmar nomodeset. Wannan tana hana babban direba karɓar aiki, a zauna da hoton da BIOS ko UEFI ya shirya. Hoto zai fito, amma da nauyi, kuma yawanci fuska ta biyu ba za ta yi aiki ba. Saboda haka mafaka ce ta ɗan lokaci, har a sake waya, ko a sabunta Linux, ko a gano girman da ya dace. Muddin nomodeset tana nan, maganar video= ta sashe na 5 ba ta da tasiri, sai an cire ta.

7. Abin Da Ke Kan Hakimi

Ba a bukatar hakimi ya haddace waɗannan umurnai. Abin da ke kansa shi ne ya tabbata mutum ɗaya ne ke da izinin gyara, an kuma kwafe muhimman takardun ofis a wani wuri kafin a fara. Kowane canji a rubuta shi da ranarsa, da yadda layin yake a da, da yadda aka mai da shi. In an sauya wa malami wurin aiki, wanda ya gaje shi zai buɗe littafi ya ga inda aka tsaya. Kada kuma a sa hannu a takardar cewa kwamfuta ta mutu sai an yi gwajin sashe na 6.