Masu aiki da 'yan China, ku daina sayen yabo a bakin titi

Wani matashi maƙwabcinmu a nan Sabon Gari ya same ni da ido jawur. Mai walda ne a wani kamfanin 'yan China mai haƙar ma'adinai. Akwai dattijon injiniya da ya ja shi a jiki, yana koya masa gyaran injin fasa dutse. Ranar da aka gama wani gyara mai wuya, yaro ya so ya yaba wa ubangidansa. Ga ni tafinta a layinsu, amma sai ya tura kuɗi ga wani mai tallan "Sinanci cikin wata guda" a WhatsApp. Shi kuma ya rubuto masa "lao youtiao", wai gwanin da ya daɗe a aiki.

Ana cin abinci ya miƙe ya faɗa da ƙarfi, har da tafi. Wuri ya yi tsit, can wani ya tuntsire da dariya. Ashe tsohon ɗan duniya mai zille wa aiki ya kira mutumin, a gaban na ƙasa da shi. Ba a kore shi ba, amma dattijon bai sake kiransa kan inji ba, an mayar da shi jan waya.

"Yaya, wallahi alheri na nufa." Na ce, ƙanena na sani, amma magana zarar bunu ce.

Tun da 'yan China suka yi aikin titin Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurdi, suka kuma buɗe masana'antar litiyam a ƙaramar hukumar Nasarawa a 2024, duk wanda ya haddace "ni hao" ya zama malami. Ku tambaye su matakinsu a jarrabawar Sinanci ta HSK. Shiru za ku ji.

Ga yadda ake yi. Babba "nin", wato "kai" na girmamawa, ake ce masa, ba "ni" ba. Sunan zuri'a tukuna, sannan muƙami, misali: Wang gong ga injiniya, Wang shifu ga gwanin aikin hannu, Wang zong ga manaja. "Lao Wang" na tsararsa ne, kai ba tsararsa ba ne. Za ka yaba daɗewarsa a aiki, ka ce "nin jingyan fengfu". Neman koyo, "xiang nin xuexi". Sabon zuwa, "qing duo zhijiao". Sannu da aiki, "nin xinku le". In ya amsa da "nali nali", kunya ce, kada ka tsaya musu. "Niubi" kuwa ka bar wa 'yan intanet. Ka kula da karin sauti.

Na sake faɗa, "nin". Kullum sai na gyara wannan.

Mai son karatu na gaske, akwai cibiyar Confucius a jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka.

Kalmar da ba ka ji Basine ya faɗa wa na gaba da shi ba, kada ka faɗa. Malamin da bai taɓa shiga wurin aiki ba, kada ka biya shi. In kana shakka, "xiexie shifu", wato na gode malam, ta wadatar.