Amsoshin Tambayoyinku: Kotu da Mai Taɓin Hankali da Ya Yi Kisa

Wani mai sauraronmu daga Kurmin Mashi a Kaduna yana tambaya: wanda ya kashe rai cikin taɓin hankali, kotu ba ta kama shi da laifi ba, sakinsa ake yi ya koma gida? Malam, a'a. Sashe na 51 na dokar laifuffuka ta Arewa ya ɗauke alhaki daga wanda ciwon hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, amma kotu kan ba da umarnin tsare shi, a asibiti irin na tarayya da ke Barnawa, ko kuma, abin takaici, a gidan yari.

Tsohuwar dokar masu taɓin hankali ta 1958 ta fi damuwa da kulle mutum fiye da jinyarsa, har Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023. A ganina, kotu ta ci gaba da sa ido kan mai haɗari ko bayan an sallame shi, tana karɓar rahoton likita a kai a kai, domin ciwon kan dawo idan aka bar shan magani. Wasu za su ce wannan ɗaurin rai da rai ne ga wanda ba a samu da laifi ba. Suna da hujja. Shi ya sa duk ƙarin wa'adi ya kamata a yi shi a gaban alƙali, da lauyan mutumin da danginsa, likita ya kawo sabon dalili. In likita ba shi da sabon dalili, a saki mutumin.