Tsohuwar Mota da Sabuwa a Hanyar Yashi

'Yan'uwana ɗalibai, cikin aikin koyarwa babu abin da ya fi wasa ƙwaƙwalwar yaro kamar a ajiye masa abu biyu a ce ya gwada su. Misalin da na zaɓa a wannan darasi shi ne motoci biyu da a ka sani a ƙasarmu, watau tsohuwar Land Rover da Toyota Hilux ta zamani.

Mu fara da hanya tukuna. Jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, amma a da, wanda ya nufi arewa wajen Kumagannam, ko daga Nguru ko daga Gashuwa, ya san inda kwalta ta ƙare sai yashi da tuddai. A nan ne a ke sanin mota.

An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948. Ƙarfe ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka a ka yi jikinta da alminiyom, wanda ba ya tsatsa. Ƙarfin injinta na fari doki 50 ne kurum, amma ƙafafunta huɗu duka suna ja. Tafiyarta a hankali, ga jijjiga, ga zafi, ga shan mai. Alherinta kuwa shi ne komi nata a fili ya ke. In ƙura ta toshe kafireto, direba ya kwance da sifana, ya wanke, ya hura, ya mayar, a ci gaba.

Hilux ta fito daga Japan a 1968. Ta yanzu ta ninka waccan ƙarfi kamar sau uku. Tana da na'urar sanyaya ciki, da burki mai kyau, da jakar iska mai tare mutum in an yi karo. Lalle ta fi ceton rai, kuma mara lafiya ya fi saurin isa asibiti a cikinta. Amma kwamfuta ce ke auna mata mai. In ta sha gurɓataccen mai ta tsaya a daji, sau da yawa sai an nemo makaniki mai na'urar bincike daga birni, fasinja kuwa suna zaune a rana, ruwan sha yana ƙarewa.

To, wace ta fi? A ganina tambayar ba ta cika ba. Sai a ce, ta fi a wace hanya, a hannun wane direba, kuma ina makaniki mafi kusa? Hausawa sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau. Tsofaffin direbobi sun san ko wace iri ce, sai an rage iskar taya kafin a shiga yashi.

In kun je aji, ku raba allo gida biyu, ku bar yara su jera amfani da aibin kowace. Kada ku ba su amsa, su kawo dalili da kansu.