Amsoshin Tambayoyinku: Girka Grafana a Kan Sabar

Wani mai sauraronmu ya tambaya: yaya ake girka manhajar Grafana a kan sabar, kuma me ya sa bayan an girka ta allon yake zama fayau?

To Malam, Grafana, wadda Torkel Ödegaard ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2014, ba ta tattara alƙaluma da kanta. Aikinta zana su, shi ya sa allon yake zama fayau. Sai ka haɗa ta da rumbun alƙaluma irin Prometheus.

Idan Ubuntu gare ka, ƙara ma'ajiyar Grafana cikin apt, ka girka, ka tayar da grafana-server da systemctl, ka kuma sa ta riƙa tashi da kanta idan wuta ta dawo. Za ka same ta a ƙofa ta 3000. Sunan shiga admin, kalmar sirri ma admin. Don Allah ka sauya ta nan take, kada ka bar wa ɓarayin intanet ƙofa a buɗe.

Daga nan girka Prometheus, sannan node_exporter, mai auna nauyin aikin na'ura da cikar faifai a ƙofa ta 9100, ka nuna wa Prometheus shi. A cikin Grafana ka shigo da shiryayyen allo mai lamba 1860, zane-zanen za su bayyana.