Wayata Ta Ƙi Karɓar Layi, Mai Gyara Ya Ce Sai An Yi Mata Filashin

Tambaya: Sunana Nasiru, daga Tsamaye a ƙaramar hukumar Sabon Birni. Yayana ya sayo mini Samsung ta hannu daga Kano. Na sa layin MTN ta ƙi, na sa Airtel ta ƙi, na gwada layin Nijar shi ma haka, sai wata lamba take nema. Mai gyara ya ce zai yi mata filashin da rutin, in ta kama har ya canza mata lambar jiki. Da ita nake son karɓar kuɗin cinikina, kuma ina tsoron kada ta sata ce. Ko in sayar da ita in ɗauki ta bashi?

Amsa: To, ɗana Nasiru. Allah Ya kawo muku zaman lafiya a ƙasar Gobir. Abin da kake son sani shi ne ko wayar za ta buɗu ba tare da ka jefa kanka da kuɗinka cikin matsala ba. Kwantar da hankalinka. Wayar ba ta lalace ba, kuma neman lamba da take yi ba ya nuna cewa ta sata ce. Ka yi daidai da ba ka miƙa ta ga mai gyara ba tukuna.

Ga abin da ya faru. A Amurka da wasu ƙasashe, kamfanonin sadarwa irin su AT&T da T-Mobile suna sayar da waya a kan biya kaɗan-kaɗan, sai su ɗaure ta ga layinsu kaɗai. Idan ta tsufa a hannun mai ita, dillalai su tattaro ta da ire-irenta, ta biyo ta Legas ta iso kasuwar Farm Centre a Kano da ɗaurinta. Shi ya sa ta ƙi layin Najeriya, ta ƙi na Nijar.

Buga *#06# a wajen kira. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, wato lambar jikin waya. Rubuta ta a takarda, ka gwada da wadda ke jikin wayar ko kwalinta. Sannan ka duba sunan kamfanin da yake bayyana idan ka kunna ta. Kamfanonin Amurka kan buɗe waya kyauta idan an gama biyan kuɗinta kuma ba a kai rahoton ɓatanta ba, AT&T ma yana da shafin neman haka a intanet. Kada ka riƙa cusa lambobi da ka, domin kuskure ya yi yawa wayar na iya daskarewa, aikin ya ƙara wuya. Filashin kuwa sabunta manhajar ciki ne kawai, yawanci ba ya kwance wannan ɗaurin.

Bari in daɗe a kan tsoron da ka ambata, don yana da tushe. Idan kamfanin ya ƙi buɗewa saboda an kai rahoton sata, ko wayar ta tsaya tana neman asusun Google na wani mutum, to magana ta canza. Tun daga Android 5.1 a 2015 ake sa wannan kariyar domin ɓarawo kada ya goge waya ya ci moriyarta, iPhone kuma tana da tata ta iCloud. A nan shawarata ɗaya ce: yayanka ya mayar da ita shagon da ya saya, da rasit a hannu, a canza masa. Batun canza lambar jiki kuma, ina roƙonka ka rabu da shi. A yankin da jami'an tsaro ke bin sawun layuka da wayoyi, mutumin kirki ya riƙe wayar da aka sauya wa lamba, ranar tambaya ba shi da amsar da za ta gamsar da kowa. Kuɗin waya bai kai wannan ba.

Na fahimci dalilin da ya sa ka gwada layin Nijar. A watan Satumba na 2021 an rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, kuma ku na bakin iyaka kun fi ni sanin ranar da layin maƙwabta ya yi muku. Idan an kwance ɗaurin ta hanyar kamfani, wayar za ta karɓi Airtel na Nijar, ko Moov, ko Zamani, kamar yadda za ta karɓi MTN. Ka dai tabbata layinka na gida yana haɗe da lambar NIN taka, kamar yadda hukumar NCC ta wajabta tun Disamban 2020.

Rutin shi ne cire shingen da kamfani ya sa tsakanin mai waya da can cikin manhajarta. Masu sha'awar kwamfuta suna jin daɗinsa, ban kuma raina iliminsu ba. Amma kai ɗan kasuwa ne. Buɗe wannan shingen yana goge duk abin da ke cikin waya, manhajojin banki da yawa ba sa yarda su yi aiki a kanta bayan haka, ga shi Samsung ɗin Amurka akasarinsu ba sa ma buɗuwa ta wannan hanyar. Waya mai ɗauke da jarinka kamar asusu ce, ba a fasa ta don a ga cikinta.

Idan kwalliya kake so wa wayar, za ka same ta ba tare da rutin ba. Gboard yana da madannan Hausa masu ɓ da ɗ da ƙ. Za ka iya ƙara girman rubutu, ka sauya fuskar waya, ka hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa don data ta yi auki. Ka guji GB WhatsApp da samari ke turawa juna ta Xender. Ba daga kamfanin WhatsApp yake ba, kuma ana rufe wa mutane asusu saboda shi.

Sai wayar bashi. Kamfanoni irin su M-KOPA, wanda ya fara a Kenya da fitilun sola kafin ya shiga harkar waya har ya iso Najeriya, da EasyBuy, sun sa waya a hannun mutane da yawa da ba su iya biya a dunƙule. Tsarinsu shi ne ka ba da kafin alƙalami, ka ci gaba da biya, ranar da ka makara wayar ta kulle. Wannan kullen bashi ne, biya ne ke buɗe shi, kada wani ya ruɗe ka da filashin. Kafin ka sa hannu, ka tara duk abin da za ka biya har ƙarshe ka gwada da farashin kuɗi hannu, domin bambancin kan yi yawa. Ka kuma tambayi wakilinsu abin da ya shafe ku musamman: idan sabis ya ɗauke kwana da kwanaki, yaya wayar za ta san ka biya?

Idan Samsung ɗin ta ƙi buɗuwa kuma an mayar muku da kuɗin, Tecno ko itel ko Infinix sabuwa za ta biya maka buƙata. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin ne ke yin su ukun, suna zuwa a buɗe da gurbin layi biyu, ɗaya na gida ɗaya na Nijar, kuma kayan gyaransu ba su da wuyar samu. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI, ka adana shi tare da kwalin. Ka gaida mini yayanka da mutanen Tsamaye.