Godiya Aiki Ce Ta Kowace Rana

Karatu: Luka 17:11-19, Habakkuk 3:17-19

Ya 'yan'uwa, in aka gaishe mu aka ce, "Ina aiki?" nan da nan mukan amsa, "Da godiya." Tun daga Badarawa har Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda haka muke amsawa, safe da yamma. Amma sau da yawa baki ne kaɗai ke faɗi, zuciya kuwa tana gunaguni. Darasinmu na wannan wata shi ne yadda godiya za ta sauko daga baki ta zauna a zuciya.

1. Wadata takan kawo mantuwa

Kutare goma Ubangijinmu Yesu ya warkar. Ɗaya kaɗai ya komo ya gode, shi kuwa Basamariye ne. Taran nan ba su musunta alherin ba, hanzari ne ya ɗauke su. Musa ma ya gargaɗi Isra'ilawa cikin Kubawar Shari'a sura 8, kada su ci su ƙoshi su ce ƙarfin hannunsu ne ya samo musu.

Kakanninmu sun ga irin wannan zamani. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, yana kwasar gyaɗa da auduga zuwa kudu, kuɗi suka shigo hannun manoma. Daga baya fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa kuma ta biyo a 1975, cinikin nan ya durƙushe. Abin da ke hannunmu aro ne, sai mu gode wa Mai shi tun yana hannu.

2. Godiya cikin wahala

Wannan ya fi wuya. Shekaru fiye da goma ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙasarmu ta Zamfara. An kore shanu, an kama mutane don kuɗin fansa, gonaki na nesa sun koma daji, a waɗansu ƙauyuka ma sai an biya kuɗi kafin a girbe gero. Wani zai ce, "Malam, da me zan gode?"

Mu lura da Manzo Bulus cikin 1 Tasalonikawa 5:18. Ya umarce mu mu yi godiya a cikin kowane hali. Bai ce mu gode saboda mugunta ba. Mugunta mugunta ce, muna kuka a kanta, muna roƙon Allah ya kawar da ita, muna kuma neman hukuma ta yi aikinta. Annabi Habakkuk ya duba gona ba amfani, garke ba dabba, duk da haka ya ƙudura zai yi murna da Allah Mai cetonsa. Ba rumbu ya dogara gare shi ba. Bulus kansa yana ɗaure sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar da ta cika da farin ciki. Ɓarawo yana iya kore saniya, amma ba ya iya ƙwace ceton da Kristi ya saya mana da jininsa.

3. Yadda za mu saba

Ba a koyon noma ran girbi. Haka godiya, sai da aikin yau da gobe.

Kowace dare, kafin addu'ar iyali, bari kowa a gida, har yara, ya ambaci abu guda da Allah ya yi masa ran nan. A kira shi da sunansa: ruwan rijiya, lafiyar jariri, komowa daga kasuwar Shinkafi lafiya.

Cikin addu'a mu fara da godiya, roƙo ya biyo baya.

Mu gode wa mutane kuma. Mai gida, yaushe rabonka da ka gode wa uwargida saboda tuwo? Maƙwabcin da ya ba mu aron jaki, ko Kirista ne ko Musulmi, ya cancanci mu taka har ƙofarsa. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici.

Da kaka, mu fitar da na Ubangiji tun dami bai shiga rumbu ba. Mu tuna kuma da waɗanda aka raba da gonakinsu suka taru cikin gari. Mudu guda na dawa a ƙofar gwauruwa, godiya ce da Allah yake karɓa.

Tambayoyi

1. Me ya hana kutare tara komowa?
2. Mene ne bambancin godiya cikin wahala da godiya saboda wahala?
3. Wa ya yi maka alheri da ba ka gode masa ba tukuna? Je ka wurinsa cikin makon nan.

Ayar haddacewa: Zabura 103:2