Yadda Ake Ƙera Tashar Jirgin Ƙauran Namoda A Kan Falanki Guda

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Illela ba, ko Sakkwato ma bai iso ba. Layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, kuma daga can aka riƙa lodin gyaɗa da auduga ana yin Kudu da su. Don haka in ɗan wannan yanki zai ƙera ƙaramar tashar tarihi, wannan ce tasa. Ita ce kuma ta fi sauƙin shiga ɗaki, domin a nan layin ya ƙare, babu buƙatar da'irar da jirgi zai yi ta zagayawa. Falanki mai tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin santimita 40, ya isa.

Da lissafi ake farawa, kuma wanda ya tsallake shi zai ga mutum ya fi ƙofar tasha tsawo. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan tsohon dogon Nijeriya ƙafa 3 ce da inci 6, wato milimita 1,067. Raba kowane awo da 64. Tazarar za ta dawo milimita 16.7, mutum ya zama kusan santimita 2.7, ƙofa mai mita biyu ta zama santimita 3. Na zaɓi 64 ne saboda ƙaramin dogon da ake sayarwa na ma'aunin HO milimita 16.5 ne, ya kusan yin daidai ke nan. Masu wannan sha'awa a New Zealand, inda dogonsu yake da faɗi irin namu, haka suke yi.

A wannan lissafi falankinka mita 96 ne kacal, ko kusa bai kai tsawon tashar gaske ba. Sai a rage: kan jirgi ɗaya, tarago uku.

Shimfiɗa takardar buhun siminti ka zana layuka uku. Na farko babban layi. Na biyu ya kwanta a gefensa ya haɗe da shi gaba da baya, domin kan jirgin da ya iso ƙarshen hanya dole ya saki taragunsa, ya zagaya, ya kama su ta ɗaya ɓangaren kafin ya koma Gusau. Wannan zagayen shi ne daɗin kallon tashar gaba ɗaya, kada ka yi masa rowar wuri. Na uku gajere, ya nufi rumfar kaya. Yanki kwali daidai tsawon kowane tarago ka tura su da hannu a kan zanen. In sun gogi juna a mararraba, gyara tun kafin ka buga ƙusa.

In ba a samu dogon kanti ba, wayar tagulla mai kauri za ta yi. Yanka tsinken ashana santimita uku-uku, ka jera su da tazarar santimita ɗaya, ka liƙa wayar a kansu. Sassaƙi guntun katako mai tsaga biyu daidai tazarar, ka riƙa jan sa a kan wayoyin don kada su buɗe ko su tsuke. A mararraba, ɗora guntun layi a kan kwali mai juyawa bisa ƙusa ɗaya.

Tankaɗe yashi ka zuba tsakanin tsinkayen, sauran fili jar ƙasa, ka ɗiga ruwan ƙaro a kai ya kama.

Ginin tasha kuwa kada ka ƙirƙiro shi da ka. Nemi hotuna, ka tambayi tsofaffin ma'aikatan reluwe inda tankin ruwa da ofishin tikiti suke. Bango da kwali, sanduna da karan dawa kamar yadda yara ke yi wa motar kara. Ɓare fatar kwalin katon, ƙunƙurar da ke ciki ta zama kwanon rufi. Buhunan gyaɗa a mulmula su da yumɓu, santimita ɗaya da rabi kowanne, a tsayar da jakuna da raƙuman da suka kawo su.

Kan jirgin zai motsa da injin tsohuwar motar wasan yara, batir a ɓoye cikin taragon farko. Rage masa gudu, jirgin kaya ba ya shiga tasha a guje. Ka ɗora falankin a kan kanta nesa da gara, ka rufe shi da leda in hunturu ya kama, don ƙura ce ke fara tsayar da ƙafafun.